Zalɓen da Ban Cire Ba

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sun kori Lise Paulin yau. Shekara goma sha tara tana kan layin ɓare kaguwa, aka kira ta ofis da safar hannunta a jiƙe, bayan minti shida ta fito riƙe da takarda. Wai ta cika latti. Lise da take isowa tun mai gadi bai gama hamma ba.

Kowa ya san dalili. Ranar Alhamis mun yi taro a garejin gidanta, mu tara, kan maganar kafa ƙungiyar ƙwadago a kamfanin nan. Ba wanda ya faɗi wurin da baki, a zaurenmu na hira a waya kaɗai aka rubuta. Da muka fito sai ga motar Rémi Gauvin, mai duba layinmu, a tsallaken titi, yana zaune ciki yana shan kofi kamar mai jiran matarsa ta fito daga coci.

Mu talatin da ɗaya ne a zauren. Ba mai amfani da sunansa, kowa da sunan tsuntsu, kuma ni kaɗai na san wane ne wane, don ni aka ba riƙon makulli. Ni ce Hankaka, saboda muryata. Matar da uwar ƙungiya ta turo mana daga birnin Moncton bara ta koya mana dokoki uku, har ta sa muka maimaita kamar 'yan firamare. Ta ɗaya, ba a rubuta komai a takarda. Ta biyu, kowace waya tana da lambar makullinta, in ta wani ta canja sai an haɗu da shi ido da ido an karanta lambobin an ga sun yi daidai. Ta uku, wanda ya ajiye aiki da kansa ko ya bar duniya a cire shi a ranar. Da zarar an cire mutum, manhajar za ta canja makullin zaure ta raba sabo ga waɗanda suka rage, shi kuwa ba zai ƙara buɗe saƙo ko ɗaya ba.

Ga ni nan ina karya ta ɗaya da biro a hannuna. Ta uku ba zan yi maganarta yau ba.

Talata, 6 ga Mayu, lokacin hutun rana, cikin mota

Bernice Robichaud ta shigo motata ba ko sallama, ta rufe ƙofa kamar ita ta saya. Ita ce shugabarmu, ba don an zaɓe ta ba, sai don ba wanda ya isa ya hana ta. Ta ce akwai munafuki a cikinmu, kuma sai ta gano shi ko da za ta zazzage kamfanin kamar buhu. Ta tambaye ni ko akwai wanda makullinsa ya canja kwanan nan.

Akwai. Na Ovide Doiron ya canja mako biyu da suka wuce. Tsohon da ke kula da tankin dafa kaguwa, Agwagwa a zaure, saboda tafiyarsa. Ya gaya mini tun ranar cewa wayarsa ce ta faɗa ruwan gishiri ya sayi sabuwa. Har sau biyu ya tare ni mu karanta lamba, ni ce na ce masa sai na samu sukuni.

Na gaya wa Bernice makullin Ovide ya canja. Maganar ruwan gishiri ban faɗa ba. Maganar ya neme ni sau biyu ban faɗa ba.

Ta ce, "Shi ne. Dama ni tsohon nan bai taɓa kwanta mini ba, shiru-shirunsa ya yi yawa. Cire shi yanzu ina kallo."

Na cire shi tana kallo. Layi ya fito kowa ya gani: Hankaka ya cire Agwagwa. Makulli ya canja. Kafin a buga ƙararrawar komawa aiki Bernice ta gaya wa mutum uku ko wane ne Agwagwa, wato ta gaya wa duk gari.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na asuba

Ban taɓa ƙarya irin ta jiya ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya sa ta fi ciwo.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan tashi daga aiki

A ɗakin cin abinci Ovide ya ɗauko kwanonsa ya zauna inda ya saba, sai mutum huɗu suka tashi suka koma wani tebur. Ya dube su, ya dubi kwanon, ya ci gaba da cin burodinsa da kifin gwangwani. Shekara talatin yana gyara wa mutanen nan batirin mota kyauta lokacin sanyi. Yau sun mai da shi saniyar ware.

A bakin famfon wanke hannu ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Ginette, yaushe za mu karanta lambar nan?" Na ce masa Baba Ovide, ba a hannuna abin yake ba yanzu. Ya ce to. Ya tsane hannunsa ya tafi da tafiyar nan tasa.

A hannuna yake. Ba a hannun kowa yake ba sai nawa. In muka karanta lamba ta yi daidai, Bernice za ta ce a ci gaba da nema, kuma na san inda neman zai tsaya.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

To, bari in rubuta.

Florine Haché ta rasu ranar ashirin ga Fabrairu. Ƙawata ce tun muna aji ɗaya, gefe da gefe muka tsaya a kan layi shekara talatin da huɗu. Doguwa ce, duk ƙafa, in ta tsaya cikin ruwan da ke malala a ƙasa sai ta ɗaga ƙafa ɗaya don ta huta, shi ya sa na sa mata Zalɓe. Ita ta rama ta sa mini Hankaka.

Ranar jana'iza, a ɗakin taron coci, muna raba wa mutane burodi da shayi, Bernice ta raɗa mini, "Kin cire ta?" Na ce na cire. A makon na cire wasu biyu da suka tafi aiki lardin Alberta, kowa ya ga layin cirewa ya fito, ba wanda ya tsaya ƙirga. Rabin mutanen zaure dama ba sa cewa uffan, karatu kawai suke yi, tsuntsu ɗaya da ya yi shiru ba ya jan ido.

Na buɗe jerin a daren jana'izar da niyyar in yi. Ga sunanta, ga ɗan hoton da ta sa na wani zalɓe a bakin gaɓa. Na ce gobe. Da gobe ta zo na ce bayan addu'ar wata guda.

Wannan kaɗai da sauƙi. Ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk saƙon da na aika zaure, nakan buɗe in ga jerin waɗanda ya isa gare su, kuma kullum Zalɓe na ciki. Sai in ji sanyi a raina, kamar ta ji. Na gaya wa kaina wayar tana cikin aljihun tebur. Shekarata hamsin da takwas, na san wayar da ke cikin aljihun tebur kwana biyu take yi ta mutu. Wata uku wani yana yi mata caji.

Florine 'ya ɗaya ta bari, Josée. Ni ce uwar baftismarta. Mijin Josée shi ne Rémi Gauvin.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Wataƙila ba haka ba ne. Wataƙila Rémi bin motar wani ya yi. Wataƙila Ovide ɗin ne ma, wa ya san cikin mutum.

Dubi abin da na rubuta. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar iyaye mata. Josée ta kira ni tun da safe tana kuka, ta ce Gwaggo ki zo mu ci abinci, ba zan iya ranar nan ni kaɗai ba. Na je. Ta dafa fricot irin na uwarta, romon kaza da dankali, sai dai ta cika gishiri kamar yadda uwar ke yi, muka yi dariya har da hawaye.

Wayar tana nan a kicin, kusa da na'urar gasa burodi, jone da caji. Tana cikin jan gidan robar nan nata da ya tsage a kusurwa. Josée ta ga ina kallo ta ce kullum da safe takan kunna tsofaffin saƙonnin muryar Mama ta saurara tana haɗa kofi. Ta ce Mama ba ta taɓa sa wa wayar lambar kullewa ba, wai ba ta da abin ɓoyewa sai shekarunta.

Muna zaune mu uku, Rémi na yanka kek. Mutum ne mai ladabi, ba zan ɗauke masa wannan ba, shi ya ɗauki gaban akwatin gawar Florine. Sai wani a zaure ya aiko saƙo. Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ta Florine ta yi ƙara a kan kanta, lokaci guda, sauti iri ɗaya.

Josée ta ce, "Haka take yi wani lokaci, wasu tsuntsaye ne ke ta surutu, ban ma san me suke cewa ba. Ina barinta, sai in ji kamar Mama na da baƙi."

Rémi bai ɗago daga kek ba. Ya ce, "Gwaggo, taki ma ta yi ƙara. Ba za ki duba ba?"

Na ce ba komai ba ne. Ya sa mini yanka babba a faranti, ya ce in ci, na rame. Na cinye tas, don ban san me zan yi da bakina ba.

Yanzu babu sauran wataƙila.

Litinin, 12 ga Mayu, kafin fita aiki

Abu ne na daƙiƙa biyar. A taɓa sunan, a taɓa cirewa. Amma layi zai fito: Hankaka ya cire Zalɓe. Bernice za ta ce wane ne Zalɓe, me ya yi. Ba a cire mutum a ɓoye, haka aka gina manhajar, don kada mai riƙon makulli ya yi abin da ya ga dama. Bara na yaba wa wannan dabara.

Gobe.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Na rubuta a zaure cewa don ƙarin kariya kada a sake rubuta wuri ko lokaci, a riƙa faɗa da baki. Mutum takwas suka yaba mini. Wani ya ce Allah ya bar mana Hankaka, idonsa biyu kullum.

Na buɗe jerin. Ya isa gare ta. Ya isa gare shi, ya kamata in ce.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Na yi wata dabara ta marasa kunya. Na biya gidan Josée lokacin da na san Rémi na kamfani, na ce ta ba ni aron wayar Mama kwana biyu in kwafi hotunanmu. Niyyata in goge manhajar in mayar, shi ke nan ramin ya rufe ba wanda ya ji ba wanda ya gani, Ovide kuwa ya ci gaba da zama shi kaɗai har lokaci ya wanke shi ko ya binne shi.

Ta riƙe wayar a ƙirji. Ta ce, "Gwaggo, ki tambaye ni komai a gidan nan, har zoben aurenta zan ba ki. Amma wannan ba ta kwana a waje. In ta lalace muryar ta tafi." Ta ce in zauna nan ta tura mini hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Na zauna. Hoto arba'in da wani abu. Ni da Florine a bikin kaguwa sanye da hulunan takarda, ni da Florine a asibiti ta aske kai tana gwalo. Na zo satar abu, na koma gida da kyauta.

Ba zan ga laifin yarinyar nan ba. Ita muryar take riƙewa, ni suna. Bambancin kawai, nata bai sa an kori kowa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, hutun rana

An rubuta wa Ovide kalma a jikin akwatin kayansa da alƙalamin da muke sa wa kwali lamba. Ba zan maimaita ta ba. Ya samo tsumma da ruwan sabulu yana gogewa, ba ta fita. Na wuce ta bayansa da kwanona.

Asabar, 17 ga Mayu, da rana

Na haɗu da Lise a kantin cefane. Na so in ɓuya bayan kayan gwangwani ta riga ta gan ni. Ta rungume ni. Tana neman aiki a gidan kula da tsofaffi, ba su kira ta ba tukuna, ɗanta kuma na shirin shiga kwaleji. Amma ba wannan ya kawo hawayenta ba. Ta ce Ovide ne ya koya mata tuƙi bayan mijinta ya tafi, ta rasa yadda mutum zai ci abinci a gidanka ya sayar da kai. Ta ce ta gode mini da na gano shi da wuri kafin ya ƙarasa sauran.

Na ce ba komai.

Na bar kwandon cefanen a tsakiyar kanti na fita. Na zauna a mota har gilashi ya yi gumi. Kunya ba zafi ba ce kamar yadda ake faɗa, sanyi ce, irin na ruwan layi in ya shiga takalmi tun da safe ka san da shi za ka wuni.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na je coci. Ban tashi karɓar jibin Ubangiji ba. Ovide na can layin baya, shi ma shi kaɗai a benci.

Talata, 20 ga Mayu, bayan aiki

Rémi ya tsaya a bayana a layi yau ya fi minti ɗaya. Bai ce komai a kan aiki ba. Ya ce Josée na gaishe ni, wai in riƙa zuwa. Sai ya ƙara da cewa kada in damu, shi mutum ne mai riƙe sirrin dangi.

Wato ya san ba zan cire ta ba. Ya auna ni ya ga iyakata, ya jingina da ita kamar bango. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a minti ɗin nan ba, kuma bai yi komai ba illa karanta wayar da ni na bar masa a buɗe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Laraba, 21 ga Mayu

Gobe.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Bernice ta sake shigo mini mota. Katunan sa hannu sun iso daga Moncton. In muka samu fiye da rabin ma'aikata suka sa hannu kafin kakar kaguwa ta ƙare, kamfani ba shi da yadda zai yi da mu. Ta ce faɗa da baki ba zai yiwu da mutum talatin ba, rabi za su je gidan da ba shi ba. Ranar Litinin da safe za ta rubuta wuri da lokaci a zaure, kowa ya zo da mutum biyu.

Na ce mu ɗan dakata. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ke Ginette, me ke damun ki ne? An cire ƙaya, kina ta ɗingishi. Zaure ya tsarkaka ko bai tsarkaka ba?"

Na ce ya tsarkaka.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da ta ƙara kallona daƙiƙa uku da na fashe. Amma ta ga wata ta makara da katin shiga, ta fita tana yi mata tsiya.

Mutum casa'in a wuri ɗaya, Rémi a tsallaken titi da kofinsa. Litinin.

Juma'a, 23 ga Mayu, da asuba

Florine, da kina nan da kin ce, Hankaka, duk bakin nan naki ashe na ado ne.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na je gidan Ovide da safe. Yana baranda yana ɗinke ragar tarkon kaguwa na ƙaninsa. Bai yi mamakin ganina ba, ya ture kyanwa daga kujera ya ce in zauna. Na ce na zo mu karanta lamba.

Ya shiga ya ɗauko tabarau da sabuwar wayar, har yanzu da ledar kanti a fuskarta. Muka jera wayoyin a kan gwiwa kamar yadda aka koya mana. Shi ya karanta biyar, ni in karanta biyar. Muka kai ƙarshe ba lamba ɗaya da ta saɓa. Minti uku. Abin da na hana shi ke nan kwana goma sha takwas.

Sai na fara. Na ce Baba Ovide, akwai wadda ban cire ba. Ban ƙarasa ba ya ce, "Zalɓe."

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

Ya ce, "Shekara talatin ina kallon matar nan tana tsayawa da ƙafa ɗaya, kina ganin sai an gaya mini? Bayan jana'iza na ga tana nan a jeri. Ban ce komai ba. Ni ma ina son in buɗe in gan ta."

Ya ce shi ya ɗauka wayar ta mutu tuni. Ranar da aka kori Lise ya haɗa biyu da biyu, ya kwana da niyyar ya same ni mu yi magana a asirce, kafin ya same ni na riga na cire shi. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba, ga Bernice nan, ga ɗakin cin abinci cike da kunnuwa.

Ya ja zaren raga da haƙori ya tsinke. Ya ce, "Wa zai saurari munafuki yana nuna wani? Kuma ba nawa ba ne in faɗa, Ginette, naki ne. Na dai ɗauka ba za ki kai mako ba."

Da ya zage ni da na ji daɗi. Na ce ya yafe mini. Ya ce wannan sai ya yi tunani, ba yau ba. Na ce zan mayar da shi zaure yanzu. Ya ce a'a, kada in mayar da shi a sace kamar yadda na fitar da shi, sai na rubuta abin da ya faru, da sunana na gaskiya ba na tsuntsu ba, sannan in kira Lise da bakina kafin ta karanta. Ya kuma ce in kula da jeri: cirewa tukuna, sannan magana. In na fara da magana, Rémi ne zai fara karantawa.

Da zan tafi ya ce ƙafar motata ta baya ta yi laushi, in biya gidan mai a sa iska.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na kira Lise bayan coci. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na rungume ki a kanti." Sai ta kashe wayar.

Na kira Josée. Na gaya mata tsuntsayen nan za su daina surutu a wayar Mama daga yau, kuma wani layi zai fito mai cewa an cire ta, kada ta tsorata, muryoyin na nan ba abin da zai taɓa su. Ta ce me ya sa, Gwaggo. Na ce ta tambayi mijinta, in bai faɗa ba ta zo ni zan faɗa. Wannan ma wani gida ne na jefa wa dutse, na sani.

Sannan na share teburin kicin, ban san dalili ba, na zauna na buɗe jerin. Talatin. Ta goma sha ɗaya daga sama, ɗan zalɓen nan a bakin gaɓa. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Wata uku ba wanda ya yi mini wannan tambayar sai waya.

Na taɓa. Hankaka ya cire Zalɓe. Ƙasa da shi wani ɗan layi, an sabunta makullin zaure.

Kafin minti ɗaya Bernice ta rubuto, wane ne kuma Zalɓe.

Na rubuta. Na ce ni ce Ginette Lanteigne. Na ce Zalɓe Florine ce, na yi ƙarya ranar jana'izarta na ce na cire ta. Na faɗi inda wayar take da wanda ke karantawa. Na ce Ovide bai yi komai ba illa jefa wayarsa a ruwan gishiri, mun karanta lamba jiya ta yi daidai, kuma na san hakan tun ranar da na cire shi. Na ce aikin Lise a wuyana yake. Na ce su ba wani riƙon makulli, duk wanda suka zaɓa zan zauna da shi in faɗa masa sunayen, in sun ga dama ya fara da cire ni.

Na karanta sau biyu, ban gyara komai ba, na aika. Na mayar da Ovide. Makulli ya sake canjawa.

Har yanzu ba wanda ya amsa. Ina ganin alamar mutane sun fara rubutu sai su fasa. Gobe da hutun rana zan ɗauki kwanona in ga teburin da za a tashi a bar mini.

Hannuna ya saba, sai da ya buɗe jerin waɗanda saƙon ya isa gare su. Na bi sunayen daga sama har ƙasa, na sake bi. Duk cikin maganganun da na yi wata ukun nan, wannan ce kaɗai da na so ta ji, kuma ita ce ta farko da ba ta isa gare ta ba.